WA KE TAKA WA 'YAR TIRELA BIRKI?

Duk wanda ya taɓa korar amalanken shanu, ko ya tsaya ya ga ana korarsa, ya san abin da ke faruwa in an zo gangara. A miƙaƙƙiyar hanya shanu ke jan kaya. Da an karkata zuwa kwari sai al'amari ya juye, kaya su shiga tura shanu, karkiya ta zame gaba ta danne musu ƙeya, su kuwa su riƙa turjewa suna kafa kofato a ƙasa. In kayan sun fi ƙarfinsu, sai dai mai kora ya dira ya taya su riƙewa, ko kuwa a je a tsince buhuna a gindin gangara. Wannan abu da kowane yaron ƙauye ya sani shi ne tushen maganar da za mu yi yau, ko da ya ke maganar tamu ta mota ce.

Ba manyan tirelolin nan masu ɗaukar siminti da man fetur mu ke nufi ba. Waɗannan da iska su ke taka birki, dabarar da George Westinghouse na Amurka ya ƙago wa jirgin ƙasa a 1869, daga baya aka ɗauko ta aka sa wa manyan motoci. Wanda ya duba bayan kan tirela zai ga mesa biyu masu launi dabam dabam sun tafi zuwa bodi, to, hanyar iskar ke nan. Abin da mu ke nufi shi ne 'yar tirela, watau ƙaramin amalanken ƙarfe mai taya biyu ko huɗu wanda a ke maƙalawa a bayan jif ko a-kori-kura, a ɗora masa injin wuta, ko tankin ruwa, ko kwalekwale, ko doki. A Turai da Amurka da Ostareliya har ɗaki sukutum a ke yi mai taya, da gado da murhu a ciki, mutum ya ja abinsa ya tafi hutu da iyalinsa. Can ne aka fi aiki da irin birkin da za mu bayyana, can kuma aka tsara masa dokoki. Amma tun da ya ke 'yan kasuwa suna shigo mana da injunan wuta da na walda a bisa irin waɗannan 'yan tireloli, da dama kuwa na hannu, ya kamata direban da zai ja su, da akawun da zai sa hannu ya karɓe su, su san abin da ke ƙarƙashinsu.

ƊAN LISSAFI TUKUNA

A 1687 wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana ka'idar nan cewa abu in yana tafiya ba ya tsayawa don kansa, sai an sami wani ƙarfi ya tsai da shi. 'Yar tirela ba ta san direba ya ga rami ko ya ga akuya ba. Ita dai tafiya ta ke yi, kuma za ta ci gaba da ita har sai wani abu ya hana ta.

Ga lissafi mai sauƙi wanda malamai za su iya ba 'yan aji shida. A ce mota da mutanen cikinta nauyinta kilo 2,000, direba ya taka birki iyakar ƙarfinsa, ta tsaya cikin mita 40. To, a maƙala mata 'yar tirela mai kilo 1,000 wadda ba ta da birki. Tayoyin da ke kama ƙasa su ne dai huɗun nan na mota, ƙarfinsu bai ƙaru ba, amma nauyin da za su tsayar ya zama kilo 3,000. Sabo da haka nisan da za a ci kafin a tsaya ya ƙaru da kamar rabi, mita 40 ta koma 60. Mita 20 ɗin nan da ta ƙaru ta isa ta rutsa da ɗan makaranta mai ƙetare hanya. In kuwa aka riɓanya gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu ya ke riɓanyuwa.

Kuma ba nisa kaɗai ne abin tsoro ba. In aka taka birki a kwana, tirelar ba ta tura mota gaba sosai, gefe ta ke ture gindinta, sai ka ga su biyun sun naɗe kamar askar wanzami in an rufe ta.

Don haka ne ƙasashen da a ke yawan jan tirela suka yi doka. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da nauyinta da na kayanta bai wuce kilo 750 ba an yarda ta tafi ba birki, a Ingila kuma an ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Abin da ya haura kilo 750 lalle ne ya zama da birki. A Ostareliya ma iyakar kilo 750 ce. A Amurka kowace jiha da tata doka, amma jihohi da yawa sun tsaya a kan laba 3,000, watau wajen kilo 1,360.

To, ga inda wuyar ta ke. Direba yana can gaba, ƙafarsa a kan birkin motarsa. Tirela tana baya, yau an maƙala ta ga wannan mota, gobe ga waccan. Ta yaya saƙon tsayawa zai isa ga tayoyinta? Masu ƙira sun samo amsa iri biyu. A ta farko nauyin tirelar ne da kansa ke taka mata birki, mu za mu kira wannan birkin tunkuɗa. A ta biyu direba ne ke aika mata da umurni ta waya, shi ne birkin lantarki.

BIRKIN TUNKUƊA

A bayan mota akwai wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙwallo, a gaban tirela kuma akwai dogon wuya mai baki wanda ke haɗiye ƙwallon nan. A tirela mai birkin tunkuɗa wuyan ba guda ɗaya ba ne. Gaɓa biyu ne, ɗaya tana zamewa cikin ɗaya, tana shiga tana fita kamar tsawon ɗan yatsa, yadda takobi ke shiga kube. Sa'ad da mota ke ja, wuyan a miƙe ya ke, birki a sake. Da direba ya rage gudu sai tirela ta taho ta tunkuɗi mota, daidai yadda amalanke ke tura shanu, wuyan ya shige ciki. Wannan 'yar shigewa ita ce ta ke taka birkin.

Yadda ta ke takawa ya bambanta. Turawan Turai sun fi son ƙarfe tsantsa: gaɓar da ta shige ta tura wani ɗan maɗauki, shi kuma ya ja dogon sanda na ƙarfe da ke bin ƙarƙashin tirela, sandan ya ja igiyoyin ƙarfe irin na birkin keke, su kuma su buɗe takalman birki cikin ganga. Gangar nan kwano ne na ƙarfe da ke juyawa tare da taya, takalman kuwa ƙarafa ne biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, an liƙa musu abu mai kaushi, in suka buɗe sai su goge cikin gangar su riƙe ta. Louis Renault na Faransa ya fito da irin wannan birki a 1902, har yau kuwa bai tsufa ba.

Amurkawa su kuma da man birki su ke yi. A cikin wuyan tirelar sun sa 'yar tukunyar mai da fistin, irin wadda makanikai ke kira masta. Wuya ya shige, ya danna fistin, fistin ya matsa mai, man ya bi siraran bututu ya je ya danna takalma a kowace taya. Asirin abin shi ne ruwa ba ya matsuwa: in ka danna shi a wannan baki na bututu, ƙarfin ya kan fita a wancan baki ba ragi. Blaise Pascal, Bafaranse, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana wannan ka'ida. Malcolm Loughead na Amurka ya yi rajistar birkin mai a 1917, kamfanin Duesenberg kuma ya sa shi a motar hawa a 1921.

Mu dai a ganinmu wannan dabara tana cikin mafi hikima da aka yi a sha'anin mota, gama ita ke auna wa kanta ƙarfi ba da sa hannun kowa ba. In tirela ta ɗauki kaya masu nauyi, tunkuɗar ta kan yi ƙarfi, birki ya kama da ƙarfi. In wofi ta ke, tunkuɗar kaɗan ce, birki ya kama kaɗan. Da birkin ya kama tirela ta rage gudu, sai ta daina tura mota, wuyan ya ɗan miƙe, birkin ya sassauta. Haka za su yi ta daidaitawa har a tsaya. Don kada abin ya riƙa kamawa yana saki kamar mai shaƙuwa, an sa wa wuyan wani ɗan bututu mai mai a ciki, irin wanda ke shanye girgiza a ƙafar mota, shi ke sa shigewar ta zama a hankali. In wannan ya mutu, direba zai riƙa jin duka a bayansa duk sa'ad da ya taka birki ko ya tashi.

Ga shi kuma ba ya bukatar kome daga mota sai ƙwallon nan da wayar fitilu. Shi ya sa kamfanonin da ke ba da hayar tirela a Amurka suka riƙe shi, tun da ba su san irin motar da mai haya zai zo da ita ba. Masu tirelar kwalekwale ma shi suka fi so, gama su kan tura tirelar har cikin ruwa don su sauke jirgin, ruwa kuwa, balle na gishiri, ba ya shiri da waya.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Birkin tunkuɗa bai san niyyar direba ba, turi kaɗai ya sani. In direba ya sa ribas, mota ce ke tura tirela, wuyan ya shige, birki ya kama, sai a yi ta ba da wuta tirela ta kafe. Amurkawa sun magance wannan da wani ɗan ƙarfe da a ke cusawa a wuyan don ya hana shi shigewa, ko kuwa wata 'yar ƙofar mai da a ke haɗawa da wayar fitilar ribas, da fitila ta kama sai ta tare man. Na Turai kuwa a cikin ganga maganin ya ke: an yi takalmi ɗaya yadda in taya ta juya da baya sai ya zame ya saki. Mai irin wannan tirela ya kiyaye, in zai ajiye ta a tudu ya ja birkin hannunta har iyakarsa, in ba haka ba tana iya sulalewa da baya. Wanda kuma ya cusa ɗan ƙarfen nan don ribas, in ya manta bai zare shi ba, to, ya hau hanya da tirela marar birki bai sani ba.

Wannan ya tuna mana da wani injin wuta da muka taɓa gani a harabar wata ma'aikata, an kawo shi daga Turai a bisa 'yar tirelarsa. Direba ya kai kuka cewa wuyan yana ƙara, yana gaba yana baya, lalle wani abu ya kwance. Aka kira mai walda ya liƙe gaɓar tam, aka biya shi, aka rubuta a littafi an yi gyara. Ƙara ta ɗauke, kowa ya ji daɗi. Babu wanda ya lura cewa birkin ne aka kashe da kuɗin ma'aikata, sai ran da aka ja injin zuwa ƙauye ya tura a-kori-kurar cikin lambatu. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Ba mu ga laifin mai walda ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi.

Aibi na biyu a doguwar gangara ya ke fitowa, irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga. Direban kirki ya kan sa ƙaramar giya don inji ya riƙe mota, birkinta ya huta. Madalla. Amma tirela tana nan tana jingine da mota tun daga sama har ƙasa, watau birkinta yana gogawa ba hutu. Ganga ta yi zafi, takalma su yi santsi su rage kamu. In na mai ne, man ma yana iya tafasa. Sabon man birki irin na DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 na ma'aunin Selsiyas, amma man birki yana shan laimar iska, wanda ya jima ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 140. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai fistin ya danna banza. Maganin abin shi ne a sauka a hankali, a tsaya a tsakiya a bar ganguna su huce, a kuma riƙa sake mai a kan kari.

Akwai kuma wurare biyu da birkin nan ba ya taɓuka kome. In an tsaya a kan hawa, tirela baya ta ke ja, wuyan a miƙe, duk nauyin yana kan birkin mota. In kuma hanya ta yi santsi motar kanta ta kama zamewa, babu abin da tirela za ta tunkuɗa da ƙarfi, sabo da haka birkinta ba ya kama sosai a lokacin da aka fi bukatarsa. Don waɗannan dalilai aka yi masa iyaka. A Turai ba a yarda da shi ba in tirela ta wuce kilo 3,500. A Ostareliya iyakarsa kilo 2,000, abin da ya fi haka sai da birkin da direba zai iya sarrafawa daga kujerarsa. A Amurka an daɗe ana gardama ko ya halatta ga motocin kasuwanci, sai a 2007 gwamnatin tarayya ta yanke cewa an yarda da shi har zuwa laba 20,000, muddin nauyin tirelar bai zarce na mota da yawa ba: in ba ta wuce laba 12,000 ba, kada ta fi motar sau ɗaya da kashi uku cikin huɗu, in ta wuce, kada ta fi ta sau ɗaya da kwata.

BIRKIN LANTARKI

Wanda ya ji an ce birkin lantarki zai zaci wuta ce ke riƙe taya. Ko kusa. Batirin mota na bolt 12 ba shi da ƙarfin da zai tsai da tan biyu, abin da wutar ke yi ɗan kaɗan ne, amma an sa shi inda ya dace.

A 1820 Hans Christian Oersted na Danmak ya lura cewa in wuta tana bin waya, allurar kamfas da ke kusa ta kan karkace. A 1825 William Sturgeon na Ingila ya nuna cewa in an naɗe ƙarfe da waya aka sakar mata wuta, ƙarfen ya kan zama maganaɗisu, da an yanke wuta kuma ya koma ƙarfe kawai. Malamin da ke da ƙusa da waya da batirin tocila yana iya nuna wa yara wannan cikin minti biyar. Shi ne kuwa dukan asirin birkin da mu ke magana.

A cikin gangar tayar tirela akwai takalma biyu kamar yadda muka faɗa. Ban da su akwai wani lanƙwasasshen hannu na ƙarfe, a ƙarshensa an rataya maganaɗisu wanda bai fi tafin hannun yaro ba, yana fuskantar shimfiɗaɗɗen cikin gangar da ke juyawa. In ba wuta, yana nan yana shafar ƙarfen sama sama. Da wuta ta zo sai ya cafke gangar. Ita kuwa tana juyawa, sai ta ja shi zuwa inda ta nufa, shi ya ja hannun nan, hannun ya buɗe takalma su riƙe ganga. Watau gudun tayar ne a ke ara a tsai da ita da shi, kamar yadda gwanin kokawa ke kā da abokin karawa da ƙarfin da ya taho da shi. Kowane maganaɗisu wajen amfiya 3 kaɗai ya ke sha. In an ƙara wuta ya ƙara cafka, birki ya ƙara kamu, in an rage ya sassauta.

Daga nan za a gane abu biyu. Na ɗaya, birkin nan sai taya tana motsi ya ke kamawa, da an yanke wuta kuma ya saki, sabo da haka ba ya riƙe tirelar da aka ajiye, sai a sa mata waigi. Na biyu, na hagu dabam na dama dabam, tun da hannun yana bin juyin taya ne. Makanikin da ya musanya su ya rage wa birkin ƙarfi ƙwarai.

Wa ke auna wutar? Wani ɗan akwati ne da a ke ɗaurawa kusa da sitiyari, waya ta tashi daga gare shi ta bi ƙarƙashin mota zuwa soket mai baki bakwai a baya. A tsarin Amurka shuɗiyar waya ita ce ta birki, fara kuwa ita ce mai mai da wuta jikin mota. Akwatin iri biyu ne. Mai arahar da fitilar birki ya ke aiki: da ta kama sai ya fara sakin wuta kaɗan kaɗan har ya kai iyakar da aka sa masa, ko direba ya taka a hankali ko ya taka da ƙarfi duk ɗaya ne gare shi. A cikin gari sai ya riƙa fizgar mota, ran da aka yi gamo da haɗari kuwa ya makara. Ɗayan ya fi shi hankali, gama yana jin yadda mota ke rage gudu. Na dā wani ɗan lilo ne a ciki, in mota ta ci birki sai ya karkata gaba, gwargwadon karkatarsa gwargwadon wutar da za a saki, shi ya sa a kan daidaita zamansa kafin ya yi aiki sosai. Na yanzu suna da 'yar na'ura irin wadda ke cikin wayar hannu mai gane an juya ta. Manyan a-kori-kura na Amurka da yawa yanzu da akwatin su ke fitowa daga masana'anta.

Falalar birkin lantarki ita ce direba ke da iko. Ribas ba ya dame shi, gangara ba ta sa shi gogawa in ba a taka ba, kuma a jikin akwatin akwai ɗan maɗanni da direba zai matsa da yatsa ya kama birkin tirela kaɗai ban da na mota. Amfanin wannan ya kan bayyana ran da tirela ta fara lilo a baya, tana dama tana hagu, ko don iskar babbar mota da ta wuce, ko don an loda kaya a gindinta. A wannan hali in direba ya daka wa mota birki, tirela ta kan taho ta ƙara karkacewa. In kuwa ya ɗaga ƙafa daga totur ya matsa maɗannin nan, tirela ta ja baya, su biyun su miƙe kamar igiyar da aka ja. Mai birkin tunkuɗa ba shi da wannan dama. Duk da haka gara a hana lilon tun wurin lodi, a sa kaya masu nauyi bisa tayoyi da ɗan gaba kaɗan, yadda wuyan zai danna ƙwallo. Amurkawa su kan so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙwallon, mutanen Ingila kuwa kashi 5 zuwa 7.

Iko kuwa da nauyinsa ya ke zuwa. Akwatin bai san ko tirela wofi ta ke ko cike ba, direba ne zai gaya masa ta wajen murɗa wani ɗan maɓalli. Yadda a ke yi shi ne a sami fili ba jama'a, a yi gudun kamar kilomita 40 a sa'a, a matsa maɗannin har ƙarshe. In tayoyin tirela sun kafe suna jan ƙasa, wuta ta yi yawa, a rage. In ba a ji ta riƙe ba, a ƙara, har a kai gab da kafewa. Da an sauke kaya ko an ƙara, sai a sake. Direban da ya daidaita da lodi ya dawo wofi bai rage ba, zai cinye tayoyinsa a hanya. Wanda ya yi akasin haka ya fi shi shiga haɗari. Har wa yau dukan abin a kan siririyar waya ya rataya. Tsatsa a soket, ko farar wayar nan ta kwance, ko ɓera ya ci roba, shi ke nan birki ya tafi, ba ƙara ba wari. In kuma aka maƙala tirela mai birkin lantarki ga motar da ba ta da akwati, daidai ta ke da marar birki, ko da sabuwa ce fil. Wannan shi ne abin da mu ke jin tsoro ga irin waɗanda a ke sayowa daga Amurka a kawo inda motoci ba su da shi.

Akwai kuma na tsaka-tsaki, wanda akwatin direba ke aika wa wani ɗan famfo a jikin tirela umurni ta waya, famfon ya matsa man birki. A kan sa shi ga manyan tirelolin kwalekwale da na dawaki, amma da tsada.

IN TIRELA TA TSINKE

Saura abu guda wanda dukansu biyu suka yi tarayya a kai. In bakin tirela ya kuɓuce daga ƙwallo a tsakiyar gudu, ba tunkuɗa ba waya, ga tan guda ko biyu ya nufi inda ya ga dama. Sabo da haka a kan sa wata siririyar igiyar ƙarfe daga wuyan tirela a ɗaura a jikin mota. In an rabu, igiyar ta fizgu kafin ta tsinke. A birkin tunkuɗa ta kan ja birkin hannu ko ta danna masta ta kulle. A na lantarki ta kan zare wani ɗan tsinke daga makunni, sai wani ƙaramin batir da ke jikin tirelar ya saki dukan wutarsa ga maganaɗisu. Dokar tarayya ta Amurka ta ce wa motocin kasuwanci lalle birkin ya riƙe aƙalla minti 15 bayan rabuwa.

Ƙaramin batirin nan shi ne abin da aka fi mantawa da shi, gama yana iya shekara ba a neme shi ba, ran da aka neme shi kuwa a tarar ya mutu. Igiyar ma sau da yawa a kan gan ta a naɗe a wuyan tirela don kada ta ja ƙasa, watau an ɗaure ta a jikin abin da ya kamata ta tsayar.

In aka tambaye mu wanne ya fi, sai mu ce a wurin da tirela ɗaya ke yawo tsakanin motoci da direbobi da yawa, kamar yadda a ke yi a ma'aikatu da makarantu, birkin tunkuɗa na ƙarfe tsantsa ya fi dacewa, gama makanikin da ya iya birkin hannu na mota zai iya gyara shi, ba ya kuma jiran direba ya tuna da wani maɓalli. Wanda ke jan kaya masu nauyi da motarsa ta kansa a doguwar hanya, na lantarki ya fi masa, in zai kula da wayoyinsa.

Akawun da aka kawo wa 'yar tirela ya karɓa kuwa, ba sai ya zama injiniya ba. Ya duba wuyan, in yana da gaɓa mai zamewa da riga ta roba mai lanƙwashe-lanƙwashe, na tunkuɗa ne, ya tabbata ba a liƙe ta ba, ba a kuma bar ƙarfen ribas a ciki ba. In ya ga wayoyi biyu sun shiga bayan kowace ganga, na lantarki ne, ya tambayi ina akwatin, ya kuma tambayi wace mota ce ke da shi. Sa'an nan ya sa a ɗaga taya ɗaya da jak, a juya ta da hannu, a fizgi igiyar nan ta tsinkewa. In tayar ta tsaya cak, ya sa hannu. In ta ci gaba da juyawa, ya mai da takarda.